Yadda Ake Zaɓa wa Matashi Littafin Labari

Wasu malamai da ma'aikatan laburare da suka tattauna yadda ake zaɓa wa matashi littafin labari sun fi nanata abu guda: a fara da tambayar yaron labarin da ya burge shi kwanan nan, ko da a fim ya gani, da abin da ya ja hankalinsa, barkwanci ne, soyayya ko bin sawun mai laifi. Sai a ajiye masa littattafai uku ya zaɓa da kansa. In guda aka miƙa masa, kallon aikin gida zai yi masa.

Littattafan matasa galibi na 'yan shekara 12 zuwa 18 ne, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Abin da ɗan 17 zai ɗauka yana iya yi wa ɗan 12 nauyi, musamman inda aka taɓo fyaɗe, shaye-shaye ko kashe kai. Rubutun bayan littafi ba kasafai yake faɗin haka ba, don haka babba ya duba babin farko da wasu shafukan tsakiya tukuna. Yara kuma sun fi son jarumin da ya ɗan girme su.

Don gwada wahalar harshe, yaron ya karanta shafi ɗaya yana ƙirga kalmomin da bai sani ba. In sun kai biyar, a nemo mai sauƙi.

Malaman da ma'aikatan laburaren sun ɗan yi saɓani kan barin yaro ya ajiye littafin da ya gundure shi, amma mafi yawa sun ce in ya kai shafi 50 bai ji daɗi ba, a ƙyale shi ya sauya. Wanda karatu ke yi wa wuya a fara masa da labari mai zane ko mai gajerun babi. In ya gama kuma kada a tsare shi da tambayoyi kamar jarrabawa.