Rancen gyaran ƙaramin jirgi ta dandalin ba juna bashi, wa ya taɓa yi?

Sadiq_Dallas: Assalamu alaikum jama'a. Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi tsohuwar Cessna 172 a nan Teksas muna tara awoyin tuƙi da ita, injin Lycoming O-320 ne. An kai ta duban shekara, makanike ya yanka filtar mai ya ga ɓarɓashin ƙarfe, ya ce kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) ne ya yi tsatsa ya fara ci, ba zai sa hannu ba sai an buɗe inji. Ƙiyasinsa dala dubu 30 da 'yan kai, kasona ya haura dubu 10. Banki na riga na je sun ce jirgin ya tsufa kuma ba sunana kaɗai ke kan takarda ba. Shi ne nake tunanin irin su Prosper, inda mutane ke zuba kuɗinsu a ba ka rance babu jingina. Don Allah wanda ya taɓa yi da kansa nake son ji.

Alhaji Mudi: Wa'alaikumussalam. Ka je banki mana ɗana, ai jirgin kansa jingina ne.

Maman Hanif: Alhaji da ka ƙarasa karantawa ai, ya ce ya je.

Ɗan Sabon Gari: Ikon Allah. Mu nan adaidaita sahu ce ta buga inji tun azumi muna neman mai ranta mana, ashe akwai masu matsalar jirgin sama. Yaya Sadiq in an gyara ka biyo ta Kano ka rage min hanya zuwa Kwari.

Injiniya Bala: Kafin maganar rance, awa nawa injin ya yi? Lycoming ta sa wa wannan injin awa 2,000 kafin a kwance shi gaba ɗaya, amma a Amurka mai jirgin kansa wanda ba haya yake ba doka ba ta tilasta masa wannan adadi. Kamshaf ɗin Lycoming a sama yake, saman karanshaf, in jirgi ya daɗe a ajiye mai yana tsiyayewa ya bar shi a bushe tsatsa ta kama, ciwon jiragen da ba a tashi da su kenan. In awoyin ba su yi nisa ba ana iya buɗewa a canja abin da ya lalace kawai a mayar, na san wanda ya yi haka bai kai dubu 18 ba.

Kyaftin Nura: Dubu 18 a wace shekara Injiniya? Sadiq ka saurare ni, ni na yi, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Mu ma haɗaka ce, mu huɗu, da injinmu ya kwanta aka ce ni ne makin bashina (makin da ke nuna yadda mutum ke biyan bashi) ya fi kyau in karɓo da sunana kowa zai riƙa turo nasa duk wata. Na shiga wani dandali, ba zan kama suna ba, cikin 'yan kwanaki kuɗi suka shigo amma ba cikakku ba don tun daga sama suke yanke kasonsu, kai kuma ruwan a kan cikakken kuɗin za ka biya. Aka buɗe inji sai ga karanshaf shi ma bai ci awo ba, kuɗi suka tashi zuwa wajen dubu 40, silinda kuma aka ce babu a ƙasa sai an jira, jirgi na zaune a hanga (rumfar ajiye jirage) muna biyan kuɗin hanga muna biyan inshora ni kuma duk wata ana zarar kuɗi daga asusuna ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba, su ina ruwansu, ba jirgi suka ba bashi ba ni suka ba. Ɗaya cikinmu ya samu aiki a wata jiha ya daina ɗaga waya, mutumin da muka sha ruwa tare a masallaci ɗaya wallahi. Wata ɗaya na makara, da na je neman gida sai ga shi a rahoton bashina.

Maman Hanif: Subhanallah. Amma Kyaftin shi kason kansa kaɗai zai ranta fa, ba na kowa ba.

Kyaftin Nura: Hajiya in shi ya kawo nasa sauran biyun ba su kawo ba, sulusin inji za a haɗa masa? Sai dai ya zauna da bashi da jirgin da ba ya tashi.

Habu_Atlanta: Ni dubu 24 na biya aka yi min komai har da kaburato, makaniken filinmu ne ya yi. Ana cutarku ne kawai.

Kyaftin Nura: Kai makaniken fili ya yi maka, mu shagon inji muka kai, ranar sayarwa za ka ga bambanci a littafin jirgi. Injiniya kuma da girmanka, lasisinka na Najeriya ne, farashin nan ba ka san shi ba.

Injiniya Bala: Farashi na bar maka. Amma a Zariya na koyi aiki, kuma jiragen TB-9 ɗin da aka koya wa ɗalibai tuƙi da su, O-320 ɗin nan ne a cikinsu, na kwance shi da hannuna, kai ka taɓa riƙe sifana?

Fati_Leeds: Ku tsaya ma, wannan "mutane ke ba mutane" ɗin yanzu kusan suna ne ya rage. Zopa da ta fara abin nan a Ingila a 2005 ta rufe wannan ɓangaren ta zama banki, LendingClub ma ta daina karɓar kuɗin ƙananan masu zubawa a ƙarshen 2020. Ka duba ruwan kawai da abin da za su yanke, ka kwatanta da na ƙungiyar adana da lamuni ta garinku.

Malam Sani: Ko mutum ne ya ba ka ko kamfani, in za ka mayar da ƙari riba ce, sunan dandali ba ya canja hukunci. Ku Hausawan Dallas ba ku da adashi ne?

Habu_Atlanta: Malam adashi akwai, amma ka je ka ce a ba ka ɗaukar farko za ka gyara jirgin sama ka ga kallon da za a yi maka. Ni tun da wani ya ɗora hotona jikin jirgi a Facebook ban huta ba, ƙanin babana ya kira wai tunda na sayi jirgi in biya masa Umara, na ce Baffa kujera huɗu ce kuma ta girme ni, ya ce rowa ce.

Kyaftin Nura: Kai Umara ma aka ce. Ni ina tsakiyar biyan bashin nan aka turo min lissafin kayan ɗakin 'yar yayata, da na ce babu sai labari ya zaga dangi wai mai jirgi ya hana marainiya gado da katifa.

Maman Hanif: Ai ku maza da sauƙi, mijina ɗalibin tuƙi ne kawai, haya yake yi da awa, amma a garinsu an riga an sa masa suna Kyaftin, kowace sallah jerin sunayen da ake turo mana ƙaruwa yake, bana har da mai unguwa.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya a sa ni a jerin na baɗi don Allah, ringi kawai za a yi wa adaidaitar.