Hitilar Golf 3 ta yi rauni, rile ya kamata in sa ko babban ƙwai?

Dan_Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin wayarin mota a taimaka min. Golf 3 gare ni, ina lodi Sakkwato zuwa Illela, wani lokaci dare na riske ni a hanya, kuma hitilata ta koma ja-ja kamar ta aci-balbal, in babbar mota ta taho ta haske ni ba ni ganin ko bakin kwalta balle jaki ko mai mashin da bai da wuta. Ƙwan da ke ciki H4 ne mai ƙafa uku, 60/55, wato wat 60 a ful, 55 a dim. Wani ya ce in saye mai 100/90 in huta, wani kuma ya ce a'a rile, wato ɗan makunnin nan da wuta ke kunnawa, za a sa min guda biyu. Batir sabo ne. Mi kunka gani, wanne ya fi?

Rewaya_Sakkwato:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka sayi komi tukuna, a fara awo. Ka tada mota ka kunna hitila, a ɗora mita bisa kan batir, in altaneta na caji daidai za ka ga volt 13.8 zuwa 14.4. Sannan a kai mitar bayan ƙwan, soket na nan a jone wuta na ci, a sake dubawa. A tsohuwar Golf ba abin mamaki ba ne ka ga 11 da wani abu, to wannan ratar ita ce hasken da ka rasa. Ƙwan halojin bai da haƙuri, in wuta ta ragu da kashi 10 cikin ɗari hasken na faɗuwa da kusan kashi 30.

Dalili kuwa motar ba ta zo da rile na hitila ba, wutar sai ta taso daga batir ta shiga cikin mota ta bi makunnin dashbod ta bi sandan sitiyari ta bi akwatin fiyus sannan ta dawo gaba, da siririyar waya wadda ta kusa shekara 30 tana shan zafin garin nan, ko wace mahaɗa ta yi tsatsa tana cin nata rabo. Yanzu ka lissafa, ƙwai masu wat 55 guda biyu kusan am 9 na wuta suke ja, in ka sa masu 100 ka kai wajen am 16 kan wayar da ta kasa ɗaukar 9. Makunni zai ƙone, soket ɗin roba zai narke, ga ƙauri cikin mota.

Aikin rile shi ne makunninka ya daina ɗaukar kaya, ya koma ba da umarni kawai, abin da zai ja bai kai rabin am ba. Rile biyu mai am 30 ko 40, ɗaya na dim ɗaya na ful. In ka juya gindinsa akwai lambobi. 30 ita ke zuwa kan batir kai tsaye da waya mai kauri 2.5, da fiyus mai am 15 ko 20 dab da batir ɗin, ba can nesa ba. 87 ta tafi ga ƙwai biyun. 86 ta karɓi tsohuwar wayar da ke zuwa hitila, 85 a ɗaure ta ga bodi. In mai ƙafa biyar anka ba ka, ta tsakiyar 87a ce, a bar ta haka nan. A Golf rawaya ce dim, fara ce ful, ruwan ƙasa ita ce at, wato mai zuwa bodi, amma a gwada da fitilar gwaji domin motocinmu hannu ya shiga cikinsu da yawa, wani ja ya samu ya jona ya tafi abinsa.

Alhaji_Carina:
Oga Rewaya Allah ya ƙara basira, sai dai in ƙara abu guda saboda masu Toyota da za su karanta su ce a yi musu haka. Tsofaffin Toyota da yawa makunninsu ɓangaren at yake yankewa, wato wuta na zuwa ƙafa guda ta ƙwan, makunni shi ke zaɓen wace ƙafa za ta sauka bodi. In ka ɗaure 85 ga bodi yadda aka faɗa a sama sai ka ga abin ya rikice, ko dim da ful su kama tare ko ful ta ƙi sauka. A irin su 85 da 86 duka daga tsohon soket ake ɗauko su. Kuma sau da yawa ɗan shuɗin nan na dashbod mai nuna ful sai ya daina kawowa bayan aikin.

Masu sababbin motoci masu kwamfuta kuma su yi hankali, motar na lura da abin da ƙwai ke ja, in ta ji ya ragu sai ta rubuto maka ƙwai ya mutu alhali yana ci.

Direban_Jega:
Ni roƙona daban ne. Ku masu gyaran hitila don girman Allah in an gama a saita ta. Ina bin hanyar Bodinga da Tambuwal da dare, wallahi abin da ke kashe mana ido ba ƙarfin ƙwai ba ne, hitila ce ke kallon sama, musamman mota ta sha kaya a but bayanta ya zauna. Ka tsaya gaban bango a fili mai daidai, ka ga inda layin dim ya yanke, ya zama ƙasa kaɗan da tsayin hitilar. Kuma ka duba madubin cikin kaskon, in ya dushe ko ƙurar hunturu ta shige ciki ko rile goma ka sa ba za ka ga abin da kake so ba.

Dan_Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Oga Rewaya, na ga ana sai da wayar a haɗe da rile da soket duka cikin leda, in sayi wagga ko a haɗa min da hannu?

Rewaya_Sakkwato:
Ta ledar na yi in ka dace, amma ka kankare bakin wayar ka gani, wasu roba ce ta yi kauri, tagullar ciki 'yar kaɗan ce, wasu ma farin ƙarfe ne aka shafa wa ja. Ni na fi son in haɗa da hannu, in matse kawunan da kyau, ba a murɗa waya a naɗe da salatef ba, zafin Afrilu na sake shi cikin sati. Ka nemi soket na tangaran in akwai. Kowane ƙwai a ba shi sabon at gajere zuwa bodi, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fari. Rile a ɗaure shi nesa da injin, ƙafafunsa na kallon ƙasa saboda ruwan wanki da damina. Ka bar 60/55 ɗinka a ciki ka yi tafiya guda da dare tukuna, sannan ka turo mana abin da mita ta nuna a bayan ƙwan kafin aiki da bayansa.