Tambaya: me ya hana a ce duniya ita ce wajibul wujudi?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Tun ina yaro na karanta Ummul Barahin, littafin tauhidi na Shehu Sanusi, a wani zaure kusa da Ƙofar Doka, inda malaminmu ya koya mana cewa hukuncin hankali uku ne: wajibi, wanda hankali ba ya sawwara rashinsa, mustahili, wanda ba ya sawwara samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. To, a makon jiya wani abokin karatuna a jami'a ya ce ya yarda lallai akwai abin da samuwarsa ba ta jingina da komai, wato wajibul wujudi, amma me ya hana a ce duniyar nan dungurungum ita ce wannan abin? Imanina bai girgiza ba, sai dai na rasa amsar da zan ba shi ta fuskar hankali, kuma ba na so in rufe masa baki da tsawa.

Malam Bazazzagi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara rarrabe hanyoyi biyu da ɗalibai suke yawan cakuɗawa. Shehu Sanusi, malamin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, ya bi hanyar faruwa: duniya ba ta rabuwa da motsi da natsuwa, waɗannan kuwa fararru ne, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne, kowane fararre kuma yana bukatar mai farar da shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a Hamadan a 1037, bai tsaya kan faruwa ba, ya tsaya kan yiwuwa. A wurinsa duk abin da haƙiƙarsa daban, samuwarsa daban, aron samuwar ya yi. Ka tuna yadda iyayenmu mata suke aiken yara ɗebo garwashi a maƙwabta: gidan nan ya ɗebo daga wancan, wancan daga na gabansa, amma ko gidajen sun kai iyakar ganin ido, idan babu gidan da aka kunna wuta, babu wanda zai ɗora tukunya. Amsar abokinka tana cikin hanya ta biyu. Duniya tarin sassa ce, abin da aka harhaɗa kuwa yana bukatar sassansa kafin ya samu, mabukaci kuma ba ya zama wajibi.

Mai Nazari, Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa, amma a nan ne masu musu suke kafa ƙafa. A muhawarar da aka yi a rediyon BBC a 1948, masanin falsafa Bertrand Russell ya ce wa abokin muhawararsa Frederick Copleston kasancewar kowane mutum yana da uwa ba ya nuna cewa jinsin ɗan'adam gaba ɗaya yana da uwa. Wato sifar sassa ba dole ta hau kan jimilla ba. Ni ban gamsu da Russell ba, amma ina ganin misalin garwashi bai kashe wannan magana ba tukuna.

Malama 'Yar Kongo:
Ɗan'uwa, gyaranka yana kan hanya, sai dai sifofi ba iri ɗaya ba ne. Ka dubi abin da ya rage na ganuwar Zazzau. Kowane curin ƙasa da aka ɗora ƙarami ne, amma ganuwar ba ƙarama ba ce. A nan Russell ya yi gaskiya. Sai dai tunda kowane curi na ƙasa ne, ganuwar ma ta ƙasa ce, ba za ta zama ta ƙarfe ba don yawan curin. Bukata kuwa sifa ce irin wannan ta biyun, domin jimilla ba wani abu ba ce bayan sassanta, idan suka gushe ta gushe. Ibn Sina da kansa ya hango wannan musu: sababin jimillar ba zai zama ita kanta ba, ba kuma zai zama wani sashenta ba, domin sashen zai zama sababin kansa, saboda haka yana wajenta.

Abin da zan ja hankalin ƙanena mai tambaya a kai shi ne kada ya ɗora wa hujjar kayan da ba ta ɗauka ba. Ta kai mu ga wajibi guda, marar sassa, mai tsayuwa da kansa, amma Ibn Sina da ya kafa ta yana ganin duniya ba ta da farko, kuma wannan na cikin mas'aloli uku da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafirta masana falsafa a kansu. Tabbatar da nufi da zaɓi aiki ne na daban, shi ya sa Sanusi ya ware wa iko da nufi da sani nasu dalilin.

Ɗalibin Samaru:
Na gode, Malam, na gode, Malama. Misalin ganuwar zan kai masa. Amma na san halinsa, zai ce idan wajibi ba ya sauyawa, yaya aka yi ya nufi duniya a wani lokaci ban da wani? Malam, shin amsar Gazali cewa aikin nufi shi ne keɓance ɗayan abubuwa biyu masu kama da juna ta wadatar a nan?