Me ya hana dogon wasali zama a rufaffiyar gaɓa?

'Yar aji biyu:

Assalamu alaikum. Ina aji biyu a sashen Hausa, zangon nan muna darasin tsarin sauti. An koya mana gaɓar Hausa iri uku ce: BW, BWW da BWB (B na nufin baƙi, W na nufin wasali; BWB ita ce rufaffiya, don baƙi ne a ƙarshenta). Na haddace, amma wani abu ya tsaya mini a rai. In na ce gaarii na tuwo, na ce garii da mutane ke zaune, wasali ɗaya kunnena yake ji a gaɓar farko ta kowanne, sai dai an ja na ɗaya, ba a ja na ɗayan ba. To don me ake rubuta WW kamar wasula biyu ne? Sannan tunda akwai BWW, akwai BWB, me ya hana BWWB? Amsar da na samu a aji ita ce "babu shi a Hausa". Ni kuwa dalili nake nema, don koyarwa nake son yi, kuma ba na so in ce wa yara su haddace kawai.

Tsohon malamin sakandare:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kunnenki bai yi ƙarya ba, sautin ɗaya ne. WW ɗin nan nauyi yake ƙirgawa, ba yawan sauti ba. Masana tsarin sauti suna auna gaɓa da abin da suke kira mora. BW tana da mora ɗaya, ita ce marar nauyi. BWW da BWB kowace tana da biyu, su ne masu nauyi. Baƙin farkon gaɓa ba ya shiga lissafi.

Gaɓar Hausa gurbi biyu gare ta bayan baƙin farko, ba ta da na uku. In dogon wasali ya cinye duka biyun sannan wani baƙi ya zo rufe gaɓar, dole wasalin ya sakar masa gurbi ɗaya. Faɗi waɗannan da bakinki: ɗaa, ɗan Musa. Gidaa, gidan Musa. Mootaa, mootar Musa. Kin ji yadda wasalin ƙarshe ya gajarce? Dalilin rashin BWWB ke nan: inda duk za ta fito, harshen da kansa yake datse ta.

Hujjar da ta fi burge ni tana cikin jam'i. Wuri, wurare; gida, gidaje: gaɓar farko ba nauyi, sai aka maimaita baƙi (a gidaje, d ɗin da aka maimaita ne ya koma j). Kasko, kasake, birni, birane, jirgi, jirage: BWB ce, sai dogon a ya ratsa tsakanin baƙaƙen biyu. Kiifii, kifaye; zoomoo, zomaye; suunaa, sunaye: BWW ce, sai aka sa -aye. Yaron da bai taɓa shiga aji ba yana bin wannan ƙa'ida daidai. Masanin harshe Paul Newman ya kafa hujja da irin waɗannan misalai a maƙalarsa ta 1972 kan nauyin gaɓa, kafin Larry Hyman a 1985 da Bruce Hayes a 1989 su ɗora ra'in mora. Ki kuma lura, karin sauti faɗau, wato mai farawa sama ya sauko ƙasa, ba ya hawa gaɓa marar nauyi. Yana kan yaa ta yaara da man ta mantaa, don sama da ƙasa kowanne yana bukatar gurbinsa.

Basakkwace:

Allah shi gafarta Malam, a ƙara da namu. Mu zamna muka cewa, Kano su ce zauna. Mu ce amre, su ce aure. Mu ce sabro, su ce sauro. Baƙin ƙarshen gaɓa ya koma wasali, amma nauyin yana nan yadda yake. Haka talaka da talauci, haka buuzuu da jam'insa bugaje, inda tsohon g ɗin ya sake bayyana. Bajamushen nan August Klingenheben ya bayyana wannan sauyi, har ake kiran dokar da sunansa.

Mai rubuta waƙa:

Ni abin da ba na so shi ne a ɗauka sai da Turawa suka zo aka san wannan. Duk wanda ya karanta aruli, wato ilimin awon waƙa, ya san shi. Tun zamanin Halilu ɗan Ahmad na Basra, alif da wawu da ya masu jan wasali ana lissafa su daidai da baƙi mai ɗauri. Wato kaa da kas awonsu guda. A kan haka malamanmu suka ɗora waƙoƙin Hausa bisa karuruwan Larabci irin su rajaz da kamil. Ajami yana da hanyar nuna jan wasali, boko ne ya bar shi a duhu, shi ya sa ɗalibi ke ganin dafa ta abinci da dafa ta kafaɗa iri ɗaya a takarda. 'Yar'uwa, ki ɗauki baiti guda ki rera, ki musanya gaɓa mai nauyi da marar nauyi, nan take za ki ji karin ya karye.

'Yar aji biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya, Malam: ai da au fa? BWW ne, ko BWB ne mai ƙarewa da y da w?

Tsohon malamin sakandare:

Masana sun yi saɓani a kai, akwai masu rubuta ay da aw. Ni ina tare da masu cewa tagwan wasali ne, don irin halin dogon wasali yake nunawa in an rufe gaɓa. Mai ya koma man gyaɗa, kai ya koma kan tebur, rai ya koma ranka ya daɗe. A duka ukun rabi na biyu ne ya faɗi don n ya samu wurin zama, kamar dai yadda ɗaa ya koma ɗan. A wajen nauyi kuwa, ko wanne kika ɗauka mora biyu ce.