Kuɗin gida da na kamfani: a ina ake raba su?

Mai Siminti, Garwa: Assalamu alaikum. Mutum ne yake da SARL (kamfanin da alhakin masu shi bai wuce jarin da suka zuba ba), shi ne manajan, kuma daga asusun kamfanin yake biyan kuɗin makarantar yara da cefane. Tunda dukiyarsa ce, me ofishin haraji zai ce?

Malam Akanta, Marwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A nan kuskuren yake. A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, SARL mutum ne mai zaman kansa, aljihunsa daban da naka ko da kai kaɗai ne ka zuba jarin. Sashe na 356 na dokar kamfanoni ya ma hana manaja ko mai hannun jari cin bashin kamfanin. Duk abin da aka zara ba takarda, akanta zai jefa shi a asusu na 462 na littafin lissafi, inda ake rubuta bashin da ke tsakanin kamfani da masu shi, idan kuma ya nuna kai ake bi, mai binciken haraji zai ɗauke shi ribar da aka raba, ya ɗora harajin ribar jari (IRCM) na kashi 16.5, ga tara. Kuɗin makarantar da aka rubuta cikin ɗawainiyar kamfani kuwa za a mayar da shi kan riba, a sake lissafin haraji. In abin ya yi ƙamari, sashe na 891 ya mai da shi laifin kotu.

Hanyar halak guda uku ce: a yanka wa manaja albashi a rubuce, a raba riba bayan an rufe lissafin shekara, ko kamfani ya mayar maka da abin da ka kashe masa, da rasiti.

Hajiya, Ngaundere: Ku ƙara da waya. Layin Orange Money ko MoMo da kwastoma ke turo kuɗin buhu hamsin, shi ne ake tura wa ƙanwa gudunmawar biki. Bayan wata shida wa zai tuna wanne ne wanne? A buɗe layin 'yan kasuwa da sunan kamfani. Kowane rasiti ya ɗauki suna da lambar haraji (NIU) ta kamfani, kuma a ajiye takardu shekara 10.

Malam Akanta: Haka ne, Hajiya. Wanda ke da Ets kawai, wato kasuwancin mutum ɗaya da ba kamfani ba, shi an yarda ya ɗiba, amma a rubuta a asusu na 104, na mai kasuwancin, kada a kira shi kuɗin man mota.