Shagon zane a Kura: musayar baitoci

Mai Zane na Kura:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota alƙalami. Bayan shekarun da na yi ina karatun zane a Zariya, da waɗanda na yi ina raɓe a shagon wani a Kano, na koma gida Kura na kama ɗaki biyu a bakin titin Kano zuwa Zariya, na ciki domin aiki, na waje domin ciniki. Ga abin da ya zo mini:

Na ɗaure kayana na bar birnin Dabo,
Na koma inda aka binne cibiyata.
Ɗakin ciki na allo ne da fenti,
Na waje kuwa shi ne kasuwata.
Baban da kakana ya jiƙa a marina,
Da shi nake shuɗa zanen zuciyata.
Duk wanda ya biyo hanya ya tsaya,
Ya sha ruwa ya duba sana'ata.

Bazazzagin Tudun Wada:
Barka da arziki, ƙanena, Allah ya sa albarka. Amma tun da a garinmu aka koya maka riƙon buroshi, garin da ɗalibai irin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane tun 1958, ina da haƙƙin in faɗa maka gaskiya.

Mun ba ka ilimi a Samaru,
Ka kai shi inda ba a san darajarsa ba.
Manomin shinkafa in ya fito daga Kadawa,
Taki yake nema, ba hoton bango ba.
Bakano in ya ga zane zai ce nawa ne,
In ka faɗa, ba zai sake waiwayowa ba.
Kafin kaka za ka koma rubuta "babu bashi"
A rumfar masu shayi, ba don kana so ba.

'Yar Marina:
Ban yi niyyar sa baki ba, sai da na ga taubashinmu ya wuce gona da iri.

Bazazzagi, sassauta fankama,
Kura ta san launi kafin a san ku da koyarwa.
Turkuɗin da Buzu ke naɗawa a Agadas,
A nan ake rina shi, mabuga suna bugawa.
Sai ya yi ƙyalli kamar bayan hankaka,
Shuninsa ya kama goshin mai sanyawa.
Ku da kuka iya zane a kan takarda,
Wanne ne naku fatake suka taɓa sarawa?

Ɗan Kantin Kwari:
Allah ya ƙara basira, Hajiya. Wannan baiti na ƙarshe kaɗai ya isa a tashi taro, domin mu Kanawa abin da ya fita kasuwa ya dawo da riba muke kira fasaha, kuma ban ga Bazazzagin da zai iya amsa shi ba ko da an ba shi mako guda.

Malamin Ƙa'ida:
Ina taya mai shago murna, sannan ina roƙon a yi mini uzuri, domin kunnena ya ƙi yarda da abin da ake yi wa tafi. Hajiya, ɗangonki na farko gaɓa goma ne, na biyu kuwa goma sha biyar, kuma babu karin da zai ɗauki waɗannan biyu a baiti guda. Shi kuma Bazazzagi ya ɗaure amsa-amonsa duka da "ba" ta korewa, wadda ita ce ƙafiya mafi arha a harshenmu, tun da jimlolin korewa da yawa da kansu suke faɗawa can.

Awo ne ginshiƙin waƙa, ƙanwata,
In babu shi baiti ɗingishi yake.
Mai zane ma sai ya ja layin farko,
Kafin buroshinsa ya samu sake.

'Yar Marina:
Malam, ka ƙirga gaɓoɓi da yatsu,
Ni da sautin mabuga nake awona.
Halilu bai taɓa jin dukan turkuɗi ba,
Da ya ji, da ya nemi kari a wurina.
In ɗangona ya yi tsawo, ai rawani ne,
Mai hula ina zai gane naɗina?

Malamin Ƙa'ida:
Rawanin da ya yi tsawo fiye da kima harɗe mai shi yake yi. Halilu na Basra, malamin da ya tsara ilimin awon waƙar Larabci, bai ƙirƙiro awo daga kansa ba, saurare ya yi ya tsara abin da mawaƙa suke yi, kuma mabugan da kike taƙama da su ba sa sauke sandunansu barkatai, bi da bi suke yi, in ɗaya ya yi gaggawa dukansu su rikice. Hujjarki tawa ce.

Ɗan Kantin Kwari:
Malam ya iya lissafi, amma har yanzu babu wanda ya haddace baitinsa, alhali na Hajiya tuni yaran shagona suke rera shi.

Na Gindin Zuma:
Na zo a makare, na tarar an bar mai shago a tsaye ana rigima a kan gaɓa. Ni daga Suleja nake, garin da a da ake kira Abuja, kuma a lokacin da Michael Cardew, wani Baturen Ingila maginin tukwane, ya zaɓe shi domin kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, ƙaramin gari ne wanda ba kowa ya san hanyarsa ba. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko, kuma har ta rasu a 1984 sunan ƙauyensu take amsawa.

Ku da kuke cewa ƙauye ba ya ɗaukar fasaha,
Ku zaro naira ashirin ku juya.
Ga Ladi zaune da tulu a gabanta,
Yumɓun Kwali ya shiga aljihun duk Nijeriya.
Kada da kifi da ƙadangare ta zana,
Landan ta gani, ta miƙa hannu ta saya.

Bazazzagin Tudun Wada:
Na gode da ka kawo Ladi, domin Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ba ta digirin girmamawa a 1977, wato ko ita sai da ta biyo ta Zariya. Malamin Ƙa'ida kuma ya duba, wannan karon babu "ba" a ƙarshen baiti.

Ladi ta sami Sarki Sulaimanu Barau,
Ya tara tukwanenta ya ƙawata ɗaki.
Ta sami gwamnati mai biyan kuɗin murhu,
Da Bature mai nemo mata masu ciniki.
Kai kuwa, ƙanena, wa ke bayanka,
In ban da mai gidan haya da takardar lantarki?

Badamagaren Birni:
Ina gaisuwa daga Damagaram, kuma ba na goyon bayan kowa, domin Kanawa ba sa rasa abin kuka.

Tukwanen Mirriya ba su jira sarki ba,
Jaki ke kai su kasuwa.
Kanawa ku daina surutu,
Ku sayi kayan ɗan'uwa.

Malamin Ƙa'ida:
Wannan kuma gajarta ce ta kashe shi, amma ba zan tsawaita ba, kada a ce na tsani baƙo.

Mai Zane na Kura:
Ku gafarce ni, kwana uku ban leƙo ba, hannuna duk shuni ne, wayar ma tsoron taɓa ta nake yi. Yaya Bazazzagi, tambayarka ta zauna mini a rai, domin gaskiya ne ba ni da sarki kuma ba ni da Bature. Ga dai abin da aka yi a makon farko:

Wata uwa ta zo neman allon zayyana,
Ɗanta zai yi sauka bayan salla.
Mai a-daidaita-sahu ya ce in sa masa dagi,
A bayan keken, inda kowa zai kalla.
Yara sun cika taga suna leƙen buroshi,
Ɗaya ya zana akuya da gawayi, ta fi tawa kamala.
Sai ga mai shayi da guntun katako,
Na rubuta "babu bashi", ban ɗauke shi wahala ba.

Malamin Ƙa'ida:
Ɗango na shida ya fi rawanin Hajiya tsawo, na ƙarshe kuma ya saki ƙafiyarsa ya koma wa "ba" ɗin Bazazzagi.

Bazazzagin Tudun Wada:
A bar maganar kari tukuna, Malam. Na ce kafin kaka, ashe ko mako ba za a yi ba. Ina so ƙanena ya faɗa wa jama'a tsakani da Allah ko mai shayin ya biya kuɗin allon nasa.

Mai Zane na Kura:
Ya rataye allon a rumfarsa, ya ce in yi haƙuri sai ranar kasuwa.