Yaya ake sauke S-Class mai balan-balan ta ɗan zauna ƙasa?

Dan_Gwarinpa:
Salam ƴan uwa, dan Allah masu sanin harkar Marsandi ku ba ni shawara. S550 ce ta 2015 tokumbo daga Amurka, ƙafarta ta iska ce wato Airmatic, na sa mata rim 20 amma har yanzu akwai fili tsakanin taya da bodi wanda wlh baya min kyau a ido. So nake ta ɗan zauna kaɗan, ba irin ta yaran nan masu jan ciki a titi ba. Wani yace in sayi links, wani yace da kwamfuta ake yi, bakaniken da ke min sabis kuma cewa yayi a cire balan-balan ɗin gaba ɗaya a sa sifirin in huta. Wanne ne ba zai kashe min mota ba?

Rewayan_Apo:
Wslm yallabai. Da farko ka tabbatar ta iska ce da gaske, don a cikin S ɗin wannan zubin akwai masu Magic Body Control, su da mai suke aiki ba iska ba, lissafinsu daban ne.

In Airmatic ce to motar bata san tsayinta ba sai abin da sensa ya faɗa mata. Akwai ɗan siririn sanda da ya haɗa sensan da ƙafar mota, shi ne link ɗin. In ka cire na kamfani ka sa mai zare wanda ake ƙarawa da ragewa, sensa zai ce wa birenbos, wato kwamfutar da ke kula da tsayin, motar tayi sama da yawa, shi kuma sai ya saki iska ta sauko. Shi ne mafi arha, matsalarsa dole a auna da tef daga tsakiyar rim zuwa bakin bodi a kowace ƙafa, a kan siminti mai lebur, in ba haka ba ka ga mota ta karkace gefe ɗaya, kuma duk sanda kake son canji sai an sake cire taya an shiga ƙarƙashi.

Na kwamfuta kuma da Xentry ake yi, wato manhajar duba mota ta kamfanin Marsandi, a sake saita tsayin a nuna mata nan ne daidai. Ba a ƙara komai a jikin motar amma yana da iyaka, in ka wuce abin da ta yarda da shi ƙin karɓa take yi.  Sai module, wata ƴar na'urar saita tsayi, irin na kamfanin RENNtech ko KW, ana jona shi a wayarin, wasu ma daga wayarka kake ɗagawa kana saukewa, shi ne mai tsadar kuma yawanci sai ka yi oda daga waje.

Amma kafin duk wannan ka ajiye ta da daddare ka auna, da safe ka sake aunawa. In wata ƙafa ta zauna to akwai likin, ka gyara shi tukuna don kwamfireso ne ke shan wahalar cike iskar da ke zurarewa har ya ƙone.

MaiRange_Lokogoma:
Oga ina kake bi da motar? Shi ne tambayar. In daga Maitama zuwa Central Area ne ko titin Airport to ba damuwa. Amma ka tuna bam ɗin rage gudu da ke cikin estet estet ɗin mu da kuma gangaren bakin get, S doguwa ce, tsakiyar cikinta ne ke fara taɓawa tun kafin bamba. Ni tawa Range ce na taɓa sa links na sauke ta sosai, kyau kam tayi, amma tayoyin baya ta ciki suka cinye har waya ta fito alhali ta waje kamar sababbi, sai da mai faci ya juyo min tayar na gani da idona. Dalili in mota ta sauka saman tayar yana kwantawa ciki. Duk hanyar da ka bi wajen sauke ta ka kai ta alaimen a ranar, kar kace sai gobe. Kuma laushin nan da ka sayi motar dominsa zai ragu don ƙafar bata da wajen motsi kamar da, rami kaɗan sai kaji dum.

Abban_Twins:
Ni fa ina bayan bakanikenka. Balan-balan a ƙasar nan ciwon kai ne, rana ɗaya ta fashe maka a hanyar Akwanga zuwa Jos ka ga ta kanka. Sa sifirin kawai.

Rewayan_Apo:
Haba Abban Twins, ai wannan maganin tsohuwar mota ne wadda kuɗin gyaran ƙafarta ya kusa kuɗinta. Mutum motarsa lafiya lau zaka ce ya cire? In aka sa sifirin maɓallin ɗaga mota ya tashi aiki kenan, ga saƙon gargaɗi a dashbod in ba a rufe shi ba, ga faɗuwar daraja ranar sayarwa. Kuma maɓallin nan shi zai cece shi a bakin get, don ko an sauke ta yana ɗagawa, sai dai daga sabon tsayin yake farawa. Ka kuma sani ita da kanta tana ƙara sauka in ka ɗau gudu a babban titi, so in ka kai ta ƙasa sosai a tsaye, a guje taya na iya gugar bodi.

Yallabai shawarata santimita 2 zuwa 2 da rabi ya isa, ka fara da kwamfuta, kuma kasa mai yi ya rubuta maka lambobin asali kafin ya taɓa komai don ranar da kake son mayarwa.

Dan_Gwarinpa:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri, Airmatic ce na duba. Zan auna yau da daddare in sha Allah. Malam Rewaya in an yi na kwamfutar, ranar da aka cire batir saitin yana gogewa ne?

Rewayan_Apo:
A'a baya gogewa, a cikin birenbos ɗin yake zaune. Sai dai in an canza sensa ko birenbos ɗin kansa, to nan dole a sake saitawa.